Wa ke riƙe da sandar? Yadda masu binciken karkara suka koyi sauraron mutanen ƙauye

Duk wanda ya taso a ƙauye ya san irin wannan ziyarar. Da hantsi sai a hango ƙura, farar mota ta zo ta tsaya a ƙofar gidan dagaci. Mutum uku ko huɗu su fito sanye da riguna masu tambarin wata hukuma, a ɗauko musu kujeru daga makarantar firamare. A tara dattawa, baƙin su karanto tambayoyi daga takarda, a amsa musu, su ɗauki hoto. Kafin la'asar sun kama hanyar birni.

Bayan wata shida ko shekara sai aiki ya iso. Wani lokaci rijiyar burtsatse ce a wurin da matan gari ba sa iya zuwa. Wani lokaci rumfunan kasuwa ne a filin da ba a taɓa cin kasuwa ba. Wani lokacin kuma iri ne da taki da suka zo bayan an gama shuka. Amma a rahoton da ke ofis, an rubuta cewa an tuntuɓi jama'a.

Akwai kuma wata irin ziyarar da ba a cika gani ba. A cikinta baƙon yana kwana a garin. Da safe ya zauna a ƙasa, ya miƙa wa wani manomi sanda, ya roƙe shi ya zana masa garin a kan rairayi. Kafin a jima mutane sun kewaye wurin, wannan ya ajiye dutse a matsayin masallaci, waccan ta ce an manta da tsohuwar rijiya, wani ya goge hanyar da aka zana ya gyara ta. Baƙon kuwa nasa kallo ne da tambaya jefi-jefi.

Wannan salo na biyu shi masana raya karkara ke kira binciken karkara tare da jama'a, ko PRA a taƙaice. Ya shekara sama da 30 ana amfani da shi a Asiya da Afirka, kuma wani ɓangare na hujjojin da suka haife shi daga ƙauyukan ƙasar Hausa aka samo su.

Baƙon awa biyu

Sunan da aka fi dangantawa da wannan salo shi ne Robert Chambers, ɗan Birtaniya da ya yi aikin gwamnati a Kenya a ƙarshen zamanin mulkin mallaka, daga baya ya koma Cibiyar Nazarin Ci Gaba da ke Jami'ar Sussex a Ingila. A wani littafi da ya wallafa a 1983 kan raya karkara, ya kwatanta irin waccan gajeruwar ziyara da yawon buɗe ido. Ya kuma jera dalilan da ke sa mai ziyarar ya koma gida bai ga talaucin da ya zo nema ba.

Na farko shi ne hanya. Mota tana bin kwalta, kuma ƙauyukan bakin titi sun fi na lungu samun kasuwa da asibiti da makaranta. Na biyu, ana kai baƙo ne inda ake da wani aiki da za a nuna masa, ba a kai shi inda babu komai.

Na uku shi ne waɗanda yake ganawa da su. Masu tarbar baƙo su ne masu sarauta, da masu hali, da maza, da masu lafiya. Tsohuwar da ke kwance a ɗaki ba ta zuwa taro, haka shi ma wanda ya tafi ƙwadago a gonar wani tun asuba.

Na huɗu shi ne lokaci. Jami'ai sun fi fita da rani, lokacin da hanya ke biyuwa. Alhali wahalar ƙauye ta fi tsanani ne da tsakiyar damina: rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun kama yara, ga aikin gona ya taso gaba ɗaya, ga bashi. Wanda ya zo bayan kaka, lokacin bukukuwa, wani gari daban zai gani.

Sauran biyun su ne kunya da sana'a. Baƙo yana jin nauyin ya ce a kai shi gidan wanda ya fi kowa talauci, masu masauki ma ba sa son nunawa. Sannan kowane ƙwararre abin da ya karanta yake hange: likita ya ga cuta, injiniya ya ga inda za a yi gini, malamin gona ya ga amfanin gona. Shi kuwa magidancin ƙauye duk waɗannan a kansa suke lokaci guda.

Irin wannan makanta tana da tsada, kuma Arewacin Najeriya ya ɗanɗana. Madatsar ruwa ta Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, an tsara ta ne daga sama. Manoman da aka karɓe wa gonaki sun yi ta kokawa kan diyya da rabon fili, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 'yan sanda suka far musu, aka yi asarar rayuka da dama, kuma har yau ana saɓani kan adadin. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa manoman fadama da ke ƙasa da madatsar su ma sun yi asara, domin ambaliyar da suke dogara da ita wajen noman shinkafa da kamun kifi ta ragu. Su waɗannan ba su ma shiga lissafin masu tsara aikin yadda ya kamata ba.

Darasin ƙauyukan Zariya da Batagarawa

Tun kafin a raɗa wa salon suna, wasu masu bincike sun riga sun gano amfanin daɗewa a gari ɗaya. A 1966 zuwa 1967, wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, da ke aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya bi diddigin manoma a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau: Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi. An zaɓe su ne bisa nisansu da birnin Zariya, kuma ma'aikatansa sun riƙa komawa wurin gidaje ɗaya akai-akai har shekara ta zagayo.

A wancan lokaci shawarar hukuma ita ce manomi ya shuka abu ɗaya a gona ɗaya. Haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili guda, ana ɗaukarsa alamar rashin wayewa. Da Norman ya yi lissafi, sai ya ga akasin haka. Haɗin shukar yana ba manomi amfani mai daraja fiye da shuka ɗaya a fili mai girma ɗaya, yana kuma rage masa hatsari: idan ruwa ya yanke wa wannan, wancan zai tsira.

Haka batun auduga. Malaman gona suna so a shuka ta da wuri domin ta fi yabanya, manoma kuma suna jinkirtawa. Dalilin bai wuce hannu ba. A watannin Yuni da Yuli noman hatsi ke cinye ƙarfin gida gaba ɗaya, kuma babu magidancin da zai bar abincin iyalinsa cikin ciyawa ya tafi hidimar auduga. Shawarar da aka gwada ta yi kyau a gonar gwaji, sai dai ba ta yi la'akari da yawan hannayen da ke gidan manomi ba.

A daidai wannan lokaci wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa sakamakon aikinta a 1972. Ta rushe tunanin da ake yi cewa mutanen ƙauye duk ɗaya suke a talauci. Ta nemi wasu 'yan garin da suka san kowa su kasa gidajen manoma gida huɗu, gwargwadon yadda kowane zai iya jure wa shekarar da amfanin gona bai yi kyau ba. Sai ga tazara mai faɗi: akwai masu ajiye hatsi su sayar idan ya yi tsada, akwai kuma waɗanda talauci ke hana su noma gonarsu domin dole su yi wa wani aiki kafin su ci a ranar.

Ta kuma nuna girman cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida ta hannun yara masu talla, kasuwar da baƙon da ya tsaya a zaure ba zai taɓa gani ba.

Shi ma Michael Mortimore ya shafe shekaru fiye da 10 yana komawa Dagaceri, a Jihar Jigawa ta yanzu, tun bayan farin farkon shekarun 1970. Littafinsa na 1989 ya bayyana dabarun da mutane ke bi su rayu cikin fari, daga sauya irin shuka zuwa ci-rani da ƙananan sana'o'i.

Matsalar irin waɗannan ayyuka ita ce lokaci. Suna cin shekaru, hukumomi kuma suna son amsa cikin makonni. Ga shi kuma manyan takardun tambayoyi da ake rabawa suna da tsada, sakamakonsu yana fitowa a makare. Wannan ya sa a ƙarshen shekarun 1970 aka fara neman hanya ta tsakiya, wadda aka kira binciken karkara na gaggawa, har aka yi babban taro a kanta a Jami'ar Khon Kaen ta ƙasar Thailand a 1985.

Miƙa sanda

Binciken gaggawa ya rage ɓata lokaci, amma har yanzu baƙo ne ke tattara bayani ya tafi da shi. Sauyin ya zo ne a ƙarshen shekarun 1980. A Kenya, wani aiki da aka yi a gundumar Machakos a 1988 ya kai ga mutanen gari suka tsara wa kansu yadda za su kula da ƙasa da ruwansu. A Indiya, ƙungiyoyi irin su MYRADA da shirin raya karkara na Aga Khan suka gano cewa manoman da ba su taɓa shiga aji ba suna iya zana taswira da jadawali masu inganci idan aka ba su dama. Tunanin malamin nan ɗan Brazil, Paulo Freire, cewa talaka na iya nazarin halin da yake ciki da kansa, ya yi tasiri a wannan tafiya.

Daga nan aka samu ƙa'idar da masu wannan aiki ke yawan maimaitawa, wato miƙa sanda. Malami a aji shi ke riƙe da sanda yana nuni a allo. A nan kuwa ɗan gari ne malamin, baƙo ne ɗalibi. Bahaushe ya riga ya faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kayan aikin ba su da tsada. Ga kaɗan daga ciki.

Taswirar gari. Ana zana ta a ƙasa da sanda, a yi amfani da duwatsu, toka, ganye da ƙwayar hatsi. An fi son ƙasa a kan takarda saboda kowa na iya sa hannu, kuma gogewa ba ta da wuya. Da zarar an kawo biro, sai aikin ya koma hannun mai ilimin boko ɗaya ko biyu. A taswirar ake nuna gidaje, rijiyoyi, burtali, mashaya, fadama, da gidajen da ke da mara lafiya ko yaran da ba sa zuwa makaranta.

Tattaki. Baƙo da wasu 'yan gari su ratsa ƙasar garin da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan, daga jigawa zuwa fadama, yana tambayar abin da ya gani. Me ya sa aka bar wannan gawon a tsakiyar gona? Manomi zai gaya masa cewa gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki a ƙarƙashinsa, ga abincin dabbobi da rani.

Jadawalin shekara. A ja layuka na bazara, damina, kaka, hunturu da rani. A ƙarƙashin kowane, mutane su tara tsakuwa gwargwadon yawan aiki, ko ciwo, ko bashi, ko tsadar abinci. Idan aka gama, kowa zai ga watannin da matsaloli ke haɗuwa, a kuma gane lokacin da bai kamata a kira mutane aikin gayya ko a nemi su biya wani kuɗi ba.

Kasa gidaje bisa hali. A rubuta sunan kowane magidanci a kati, a ba wasu 'yan gari, kowa shi kaɗai, su kasa katunan kashi-kashi, sannan su faɗi ma'aunin da suka bi. Wata mai bincike, Barbara Grandin, ta inganta wannan dabara a aikinta da makiyaya a Kenya. Sau da yawa ma'aunin gari ya sha bamban da na ofis. Ofis na tambayar kuɗin shiga, gari kuma na duba wanda hatsinsa ke kai shi sabuwar kaka, da wanda ke da masu taya shi aiki, da wanda idan ya nemi rance za a ba shi.

Tarihin gari. Tsofaffi su jero manyan abubuwan da suka faru. Ba lallai su riƙe shekarar Bature ba, amma suna riƙe da sunaye. A ƙasar Hausa yunwa ma suna gare ta, kamar Kakalaba ta wajen 1914, kuma da irin waɗannan sunaye ake gane lokacin da daji ya fara ƙarewa ko rafi ya fara ƙafewa.

A ƙa'ida ba a dogara da hanya ɗaya. Abin da taswira ta nuna sai an gwada shi da abin da aka gani a tattaki, abin da maza suka faɗa sai an ji na mata. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 salon ya kai ga manyan hukumomi. Bankin Duniya ya tattara ra'ayoyin talakawa sama da 60,000 daga ƙasashe 60 domin rahotonsa na shekarar 2000 kan talauci, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da aka yi aikin. Shirin Fadama na biyu da na uku su ma an gina su ne a kan ƙungiyoyin masu amfani da fadama su tsara buƙatunsu da kansu.

Daga Mosmoil zuwa Jigawa

Misalin da ya fi shahara na abin da wannan salo ke iya haifarwa ya fito ne daga Bangladesh. A tsakanin 1999 da 2000, wani ƙwararre ɗan Indiya, Kamal Kar, ya je duba wani shirin tsafta da ƙungiyar WaterAid ke tallafawa. Shekara da shekaru ana ba mutane tallafin gina masai, amma yin bahaya a fili bai ragu yadda ake so ba. Wasu masan ma an mayar da su wurin ajiya.

A ƙauyen Mosmoil da ke yankin Rajshahi, shi da abokan aikinsa suka gwada wata hanya. Mutane suka zana taswirar garinsu, sannan kowa ya nuna inda yake zagayawa. Aka yi tattaki zuwa wuraren tare da baƙi. Mutanen da kansu suka lissafa yawan ƙazantar da gari ke tarawa a rana, a wata, a shekara, suka kuma bi sawun inda take ƙarewa: ƙuda, ƙafar kaji, ruwan sama, tafki, abinci. Babu wanda ya yi musu lacca, ba a kuma yi alƙawarin ko sisi ba. Da suka ga cewa ƙazantar juna suke ci, sai suka yanke shawarar dainawa, kowa ya haƙa masai da abin da yake da shi.

Wannan dabara ta tsaftar gari bisa jagorancin jama'a ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Najeriya, inda gwamnati ta karɓe ta tare da tallafin UNICEF da wasu ƙungiyoyi. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da dukkan ƙananan hukumominta 27 suka samu shaidar daina bahaya a fili.

Sai dai ba ko'ina dabarar ke aiki daidai ba. Wani bincike da aka yi a jihohin Ekiti da Enugu ya gano cewa tasirinta ya fi fitowa a garuruwa masu ƙaramin ƙarfi, a garuruwa masu ɗan hali kuwa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma masu sukar yadda ake amfani da kunyatarwa, wadda ta fi faɗawa kan wanda ba shi da halin gini. Masan da aka haƙa a ƙasa mai yashi kan rufta da damina, idan kuma babu mai bibiya, wasu kan koma gidan jiya.

Inda gizo ke saƙa

Da salon ya samu karɓuwa, masu ba da tallafi suka fara sanya shi cikin sharuɗɗansu. Daga nan sai ya fara zama al'ada kawai: a zana taswira domin a ɗauki hoto, alhali an riga an gama rubuta abin da za a yi tun a ofis. A 2001 wasu masana biyu, Bill Cooke da Uma Kothari, suka fitar da littafi da ke tambaya ko shigar da jama'a bai zama wani sabon salon danniya ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi rubutu a kan haka, David Mosse, ya yi aiki a wani shirin noma a yammacin Indiya a farkon shekarun 1990. Ya lura cewa taron bainar jama'a wuri ne da masu faɗa a ji ke mayar da buƙatarsu ta zama buƙatar gari. Mata kan yi shiru ko su tsaya daga gefe. Ya kuma ga cewa mutane suna karantar baƙo kafin su amsa masa. A wasu ƙauyukan sun nemi a ba su dashen bishiyar turare, ba don ita suka fi buƙata ba, sai don sun fahimci ita ce shirin zai iya kawowa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan mota mai tambarin hukumar ruwa ta zo, matsalar gari ruwa ce. Idan ta lafiya ce, matsalar gari asibiti ne. Mutane ba ƙarya suke yi ba, sun dai koyi cewa wanda ya roƙi abin da babu a motar, haka zai tashi hannu rabbana.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin abubuwan lura. Taron da aka yi a ƙofar fada, gaban dagaci, da wuya talaka ya tashi ya musa wa mai unguwarsa. Matan aure da yawa ba za su fito dandali ba, don haka tawagar da ba ta da mace mai jin Hausa, wadda za ta shiga cikin gida ta zauna, rabin gari kawai za ta ji. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka wallafa a 1954, ya samu ne saboda mace ce ta zauna da mace tsawon makonni suna hira da Hausa.

Haka nan makiyayan da ke rugage a bayan gari. Sau da yawa ba sa cikin taswirar da manoma suka zana, alhali burtali da mashaya da ke cikin taswirar rayuwarsu ce. Duk tsarin da aka yi kan fadama ba tare da su ba, an shuka rigimar gobe.

Sai batun kuɗin zama. Inda aka saba raba alawus bayan taro, masu zuwa taron kan zama mutum ɗaya-ɗaya da aka sani, kuma amsoshinsu sun riga sun zama hadda.

Abin ya fi zafi idan aka zo rabon tallafi. Rajistar talakawa ta ƙasa a Najeriya an gina ta ne bisa tsarin da jama'ar gari ke bayyana ma'anar talauci a wurinsu, sannan su zaɓo gidajen da suka fi cancanta, maza daban, mata daban, matasa daban. Dabarar kasa gidaje ce aka faɗaɗa ta zuwa ƙasa baki ɗaya. Duk da haka, a watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta nuna shakku kan sahihancin rajistar. Ko ma wane ne ke da gaskiya a wannan muhawara, ta nuna cewa da zarar sunan da ke kan kati ya zama kuɗi, kowa na da dalilin sa hannu a kan yadda za a kasa katunan.

Daga takarda zuwa waya

Yau matasa da yawa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram suna samun aikin wucin gadi na tattara bayanai a karkara. Takardar tambayoyi ta koma cikin waya, a manhajoji irin su KoboToolbox. Ana ɗaukar wurin da aka tsaya ta tauraron ɗan'adam, bayanai su isa ofis a ranar. Wannan ya rage ƙarya da ɓatan takardu.

Amma wayar tana hannun baƙo, kuma tambayoyin da ke cikinta an rufe su tun daga birni. Idan abin da ke damun matar da ake tambaya ba ya cikin zaɓi huɗun da ke kan allo, babu inda za a rubuta shi. Rashin tsaro a sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato da Kaduna ya ƙara dawo da matsalar da Chambers ya bayyana tun 1983: ƙauyukan da suka fi shiga uku su ne waɗanda ba a iya zuwa, sai a tsaya a hedikwatar ƙaramar hukuma ko a buga wa wani waya. Mai waya da caji da lambar da jami'i ya sani kuwa, da wuya ya zama shi ne mafi talauci a garinsu.

Waɗanda suka daɗe a wannan aiki suna cewa dabarun ba su ne ginshiƙi ba, halin mai binciken ne. Ya iya zama a ƙasa, ya iya yin shiru, ya jure a gyara masa kuskure, ya kuma faɗi gaskiya tun farko game da abin da zai iya kawowa da wanda ba zai iya ba. Mutumin da ya bar gonarsa ya ba ka awa uku da damina ya yi asarar wani abu, kuma yana da haƙƙin sanin me za a yi da maganarsa.

Su ma mutanen gari suna da tambayoyin da ya kamata su yi wa duk tawagar da ta sauka: wa ya aiko ku, me za ku yi da abin da muka faɗa, wa da wa kuka gana da su, yaushe za ku dawo mana da sakamako?

A ƙa'idar wannan aiki, idan an gama zana taswira a ƙasa ana kwafe ta a babbar takarda, kuma ta asalin a garin take zama, baƙo hoto ko kwafi kawai zai tafi da shi. Wanda ke son sanin ko an yi aikin da gaske, sai ya koma garin bayan shekara guda ya nemi a nuna masa takardar, ya duba ko rugar bayan gari da gidan gwauruwar da ke ƙarshen unguwa suna ciki, sannan ya tambayi wanda ya riƙe sandar a ranar da aka zana ta.